Magajiyar Gwatar Maamobi

Mulikatu ta sake cika kwanon da taɓo, ta miƙa hannu ta ƙofa ta watsar a tsakar gida. Tun wayewar gari take wannan aiki, 'yarta Adisa na goye a baya, amma har yanzu daɓen ɗakin bai fito ba. Katifa na jingine a waje tana ɗigar baƙin ruwa. Geron da ta sayo don koko ya kumbura a buhu ya fara tsami. Duk wannan bai tsaya mata a rai kamar bangon ba.

Bangon bayan ɗakin, wanda ke kallon babbar gwatar da ta ratsa Maamobi, ya tsage daga ƙasan taga har gindi. Jiya babu wannan tsagar. Ta sa yatsa, yatsan ya shige, jar ƙasa mai laushi ta biyo farcenta. Tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti, ruwan jiya kuwa ya kai ƙirjin mutum, ga shaidarsa nan a jikin bango kamar an ja da gawayi. Ba sai an kira magini ba. In ruwa ya sake shigowa, bangon zai kwanta, rufin ya bi shi. Ba ta da wani ɗaki a duk faɗin Accra. Mijinta Jalilu direban babbar mota ne, yana can hanyar Bawku da lodi, bai ma san abin da ake ciki ba.

Ta fito ta ɗaga kai. Hadari na sake haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, iska kuma ta tsaya cak.

Kowa a layin ya san abin da ya jawo ambaliyar. Kwalbatin da ke ƙarƙashin ƙaramar gada ne ya toshe, ruwan da ya gangaro daga tudu ya rasa hanya, ya juyo cikin gidaje. A bakin wannan gadar Mulikatu ke sayar da koko da ƙosai kowace safiya. Can take barin teburinta, a kan katakan da aka gicciya a gefen gwata, don ba ta iya ɗaukarsa da goyo da tukunya. Da safen nan ta leƙa, babu tebur babu katakai. Ta ce a ranta, ai yanzu yana teku.

An ce tsofaffin sojoji da tsofaffin 'yan kwana-kwana na unguwa sun fito don buɗe kwalbatin. Ta ajiye kwano, ta ƙara ɗaure majanyi, ta sa silifas ta nufi gada.

Mutane sun cika gadar, mata da yara da dattawa. Samarin unguwa tun asuba suka gangara ƙasa inda gidaje suka rufta, motocin gwamnati kuma duk suna manyan tituna. Waɗanda suka rage su ne waɗannan. A hannun dama tsofaffin sojoji sun jeru, kowa da shebur a kafaɗa. Wasu sun sa tsohon kaki da ya koɗe, wasu jallabiya da takalmin soja. A hannun hagu 'yan kwana-kwanan da suka yi ritaya, da igiyoyinsu a naɗe da dogayen sanduna masu ƙugiya. Ba shebur ɗin da ya taɓa ƙasa. Ba igiyar da aka warware.

A tsakiya mutum biyu ne ke musu. Ɗaya Saje Issifu ne, dogo, busasshe, wanda ya yi Kongo ya yi Labanan, ya maƙala lambobin yabonsa a ƙirji kamar za shi fareti. Ɗayan Fuseini, wanda ya yi shugabancin wata tashar kashe gobara, gajere mai tumbi, da usur rataye a wuya.

"Na ce daga ƙasa za a fara," in ji Saje. "A tone bakin fita, a bi shi a layi. Haka ake buɗe hanya."

"Massa, wannan ba ramin yaƙi ba ne, ruwa ne!" Fuseini ya ce. "Ka tone ƙasa, abin da ke ciki ya ɓalle, ya kwashe tsofaffinka har kogin Odaw. Daga sama ake jan shi da ƙugiya."

"Mai tiyo ne zai koya mini aiki? Kai da ba ka taɓa jin ƙarar harsashi ba?"

"Kai kuma ka taɓa harbin ruwa ya mutu?"

Yara suka fashe da dariya. Mulikatu ta tsaya ta saurara, nan da nan ta gane ba maganar sama ko ƙasa ake yi ba. Saje ya san Fuseini ya fi shi sanin ruwa, amma ba zai karɓi umarni daga wanda ba soja ba a gaban mutanensa. Fuseini ma ba zai sa nasa mutanen a ƙarƙashin saje ba. Sojojin kuwa ko ɗaki na cin wuta ba za su motsa ba sai an ba su umarni, haka aka raine su.

Ta kutsa ta russuna. "Baba Saje, Baba Fuseini, ina kwananku. Don Allah ku dubi sama. Bangon ɗakina ya tsage, in ruwan nan ya dawo..."

"Maman Adisa, koma gefe," in ji Fuseini, bai ko dube ta ba. "Maganar maza ake yi."

"Yarinya, a yi haƙuri, ana tsara aiki," Saje ya ce.

Ta koma gefe. Ta leƙa gwatar. Bakin kwalbatin ya cushe da leda da ɓawon kwakwa da tsummoki da rassan itace, ruwa ya taru a bayansa yana juyawa a hankali. Iska mai sanyi ta taso ta kaɗa mata mayafi. Adisa ta motsa a bayanta, ta ɗora kumatu a kafaɗarta.

Ba ta shirya abin da ya fito daga bakinta ba. Ta juyo, ta riƙe ƙugu, ta buɗe murya tun daga ciki:

"Layi! Kowa ya fito da tsintsiyarsa! Wa ya kwana da gwata a toshe a layina? Mace ko namiji, mai igiya ko marar igiya, ya fito in ga idonsa!"

Wani tsoho ƙanƙane a ƙarshen jerin sojoji, Kofur Imurana, wanda ya yi yaƙin Bama kuma kunnensa ya yi nauyi, ya buga ƙafa ya ƙame, shebur ya tsaya a gefensa kamar bindiga. Biyu na kusa da shi suka bi shi kafin su yi tunani.

Saje Issifu ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallonta.

"Ke, 'yar wa ce?"

Sai yanzu kunya ta kama ta. "'Yar Ƙaltume ce, Baba. Magajiyar bariki a Tamale."

"Inna lillahi. Ƙaltume mai usur?"

"Ita. Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya jiƙanta." Saje ya shafa gemu. "Wallahi da kika yi kiran nan sai da na fara laluben tsintsiya."

A bariki magajiya ita ce shugabar matan sojoji. Ba ta da igiyar muƙami ko ɗaya a hannu, amma tsabtar layuka tata ce, famfo nata ne, gwata tata ce. Ranar duba layi tana tafe samanja na bayanta. Mulikatu ta tashi tana jin wannan kira kowace Asabar, tana ganin ƙattin maza na fitowa da tsintsiya suna gunaguni ƙasa-ƙasa.

"Matar nan ta taɓa sa ni shara a gaban kuratana," Saje ya gaya wa mutanensa. "Don matata ta zuba ruwan wanke kifi a gwata. Na kai ƙara wurin samanja, ya ce, Issifu, ni ma jiya na share." Tsofaffin suka yi dariya, wasu na gyaɗa kai, kowa da abin da ya tuna.

Mulikatu ta ga ƙofar da ta buɗe, ba ta bari ta rufe ba.

"To Baba, ku gaya mini. A bariki, gwata ta wa ce? Ta saje ce?"

"A'a."

"Ta 'yan kwana-kwana ce?"

"Ta magajiya ce," in ji Saje. Ya dube ta, ya dubi Fuseini, sai ga wani abu kamar sauƙi a fuskarsa. Ya ƙame. "Magajiya, mutane na jiran umarni."

Ta juya wajen Fuseini. Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ko akuya aka naɗa zan bi, in dai ba wannan tsohon ba ne."

"To a ba ni usur ɗin nan."

Ya cire daga wuyansa ya miƙa mata.

"Daga sama za a ja, yadda Baba Fuseini ya ce. Abin da aka jawo, sojoji su kwashe a layi, hannu zuwa hannu, yadda Baba Saje ya ce, a kai shi can tudu inda ba zai dawo ba. Amma kafin nan kowa ya zauna ya cire takalmi."

"Takalmi kuma?" in ji Fuseini.

"Ruwan nan da masai a ciki, da kwalba, da gwangwani. Mai ciwo a ƙafa ba zai shiga ba. Ba zan buɗe gwata in kai mutum asibiti ba."

Sojojin ba su yi mamaki ba, duba ƙafa tsohon abu ne a wurinsu. Suka zauna a gefen gada suka miƙe ƙafafu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da goyonta, tana duba tsakanin yatsu da diddige, kamar yadda take duba Adisa bayan wanka. Ta cire mutum biyu masu faso mai jini, ta ce su tsaya a layin tudu. Da ta zo kan Saje, yana tsaye, takalminsa a ɗaure.

"Ni na duba kaina a gida."

"Baba, zauna."

"Na ce..."

"Inna ta taɓa barin saje ya duba kansa?"

Ya zauna. Ya daɗe yana kwance igiyar takalmin hagu. Da safar ta fita, sai ga tsumma naɗe a idon sawu, a ƙarƙashinsa gyambo ne ja, mai ruwa, wanda ya daɗe. Ta rufe masa da sauri, ta tsuguna yadda jikinta zai tare idon mutane.

"Ciwon suga ne?" ta tambaya a hankali.

"Mutanena ba su sani ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Magajiya, ban taɓa tura mutum inda ban shiga ba. Kada ki tsayar da ni a gefe kamar buhun gawayi."

Ta miƙe, ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Ina son mutum mai ido, wanda ba ya firgita, ya tsaya a kan gada yana kallon tudu. In ya ga ruwa ya taho, ya busa. Da an ji usur kowa ya fito, ko me yake riƙe da shi. Ran kowa na hannunsa. Baba Saje, kai ne." Ta rataya masa usur ɗin.

Ya san abin da ta yi. Ya mayar da takalminsa ya miƙe.

Aiki ya kankama. 'Yan kwana-kwana suka sauka da ƙugiyoyi, ruwa har cinya, suna jawo tarkace. Sojoji na karɓa a bokiti da kwando, yana tafiya daga hannu zuwa hannu har tudu. Mata suka shiga layin ba wanda ya kira su. Aka fito da tayar mota, da kujera marar ƙafa, da mushen kaza, da ledar da ba ta ƙarewa. Mulikatu na kai da kawo a bakin gwata, bakinta bai huta ba.

"Ku dubi abin da mutane ke yi! Kowa ya mai da gwata ɗakin ajiyarsa. Wallahi a bariki, wanda aka samu kayansa ya toshe gwata, shi zai share layi sati guda, ko matar kanar ce. Yau ma haka za a yi. Duk abin da ya fito aka gane mai shi, sai ya share gadar nan!"

"A yi haka, Magajiya!" mata suka amsa.

Tarkacen ya ragu, amma ruwan bai motsa ba. Fuseini ya zura sanda can ciki, ta bugi wani abu, ƙwas. Ya sake gwadawa ta gefe. Ya fito yana haki.

"Akwai wani abu mai faɗi a ciki, ya gicciye kamar ƙofa. Shi ya tare komai. Ƙugiya na zamewa. Sai an shiga an ɗaura masa igiya."

Tsakanin ruwa da rufin kwalbatin akwai 'yar tazara, ga kuma laka da ta cike rabin ramin. Fuseini ya ɗaura igiya a ƙugu ya kwanta ya gwada. Kafaɗu suka shiga, tumbi ya ƙi. Aka jawo shi baya yana tofar da ruwa.

"Fanshon ne ya zauna a wuri ɗaya," Saje ya ce daga kan gada.

"Sauko ka gwada mana, mai lambobi!"

Sauran ma ba wanda ramin zai ɗauka, sai Kofur Imurana. Tsohon ya matso ya fara cire riga, haƙarƙarinsa a waje. "A Bama mun shiga wanda ya fi wannan," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa.

"Baba Kofur, mayar da rigarka," in ji Mulikatu.

Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi. Ta dubi ramin. Ta dubi layin gidajensu, inda rufin ɗakinta ke leƙowa. Ta ji nauyin Adisa a bayanta, da ɗumin numfashinta. Uwa mai goyo ba ta shiga irin wannan wuri, ta san haka, da wata ce ta ce za ta shiga da ita za ta fara hana ta. Amma in ba a shiga ba, ina za ta kwantar da yarinyar yau? Ta auna faɗin ramin da ido, ta auna kafaɗunta.

Ta hau gada ta kwance majanyi.

"Magajiya, a'a," in ji Saje.

"Riƙe ta, Baba. Ka tallafe kanta. Ba ta son a juya ta tana kallon ƙirji, sai waje."

Ya karɓi yarinyar kamar an miƙa masa ƙwai. Sannan ya ce, "Zauna. Cire silifas."

"Baba, lokaci..."

"Doka ɗaya ce."

Ta zauna. Ya duba ƙafafunta da Adisa a hannu ɗaya, tafin da diddige da tsakanin yatsu, bai yi sauri ba. Ya gyaɗa kai.

"Idan ka ga ruwa, ka busa," ta ce. "Kada ka jira in gama."

"Ba zan jira ba."

Wata maƙwabciya ta ara mata wandon mijinta, ta sa a ƙarƙashin zane ta tattare. Fuseini ya ɗaura mata igiya a ƙugu da hannunsa, ya ja ya gwada, ya ba ta bakin wata igiyar mai kauri. Ya nuna mata ƙullin da za ta yi, ya sake nunawa.

"Maman Adisa, ji nan. Igiyar ƙugunki a hannuna take. Na ji usur, zan jawo ki ko kina zagina. Ban taɓa barin mutum a rami ba, ba zan fara da ke ba."

Ta yi bismillah ta kwanta a kan lakar.

Sanyin ruwan ya ɗauke mata numfashi. Wari ya cika mata baki. Ta ɗaga haɓa sama, ƙeyarta na gogar siminti, tana jan jiki da gwiwar hannu. Haske ya ƙare bayan 'yan taku. Wani abu mai santsi ya shafi wuyanta ya wuce, ba ta tsaya tunanin mene ne ba. Daga nesa, kamar daga wani gari, tana jin kukan Adisa da muryar Saje yana rarrashi da irin muryar da ake ba kurata umarni.

Hannunta ya taɓa katako. Ta lalluba. Faffaɗan abu ne an lulluɓe shi da langa-langa, ya tokare bango da bango. Ta zura hannu ta ƙasa tana neman inda igiya za ta kama, ta sami ƙafa. Ƙafar tebur. Ta bi ta da yatsu har ƙarshe, sai ta ji guntun tayar da aka buga da ƙusa uku.

Ta tsaya.

Jalilu ne ya buga wannan guntun tayar, don ƙafar ta fi sauran gajarta, koko na tangaɗi a kofi. Ita ta riƙe masa ƙusoshin.

Ba teku ya tafi ba. Nan ya zo ya gicciye, ya tara ledar unguwa a bayansa, ya juyo da ruwa cikin ɗakinta da ɗakunan mutane. A jikinsa kuwa akwai sunanta da shuɗin fenti, ba wanda bai san shi ba a Maamobi. Da ta ce hannunta bai kai ba, ba mai ƙaryata ta. Tunanin ya zo, ya daɗe kamar numfashi ɗaya, ya wuce. Ta zagaya igiyar a ƙafar da sandar da ke haɗa ƙafafun.

Usur ya tsaga iska.

Ƙullin Fuseini ya ɓace mata ɗungum. Igiyar ƙugunta ta fara tsukewa. Hannuwanta suka yi abin da suka sani, suka zarga, suka juya, suka ja, sannan aka fizge ta baya. Ta sha ruwa, gwiwarta ta gogi siminti, haske ya dawo, hannuwa da yawa suka ɗaga ta zuwa bakin gwata. Ruwan sama na zuba sosai. Daga tudu jan ruwa na gangarowa, yana tura tarkace a gabansa.

"Kin ɗaura?" Fuseini ya yi ihu. "Wane ƙulli kika yi?"

Ta yi tari ta tofar. "Na majanyi."

"Na me?"

"Bai taɓa sakin Adisa ba. Ku ja!"

Kowa ya fito daga gwata ya kama igiya a kan tudu, soja a bayan ɗan kwana-kwana, mai sayar da kifi a bayan kofur. Fuseini ya dubi gada.

"Saje! Ba mu murya mana, me kake jira!"

Saje Issifu, da jaririya a ƙirji an lulluɓe ta da hularsa, ya buɗe maƙogwaro da kiran da ake haɗa ƙarfi da shi. "Cooboi!"

"Yei!"

Igiya ta miƙe tana ɗigar ruwa. Ba abin da ya motsa.

"Cooboi!"

"Yei!"

A ja na gaba wani abu ya yi ƙara a cikin ramin, igiya ta saki, rabin layin suka zube a taɓo. Kwalbatin ya yi wani irin gurnani, ruwan da ya taru ya juya, ya ruga ciki. Jan ruwan tudu ya iso ya bi bayansa, ya fita ta ɗaya gefen da ƙarfi, ya nufi ƙasa. Ya cika gwatar har kusa da baki, ya tsaya nan, bai hau ba.

Mata suka rangaɗa guɗa. Kofur Imurana na zaune a taɓo yana dariya ba haƙori. Mulikatu kuwa idonta na kan bakin gwatar da ke bayan ɗakinta. Ruwa na wucewa ƙasa da gindin bangon. Ta daɗe tana kallo kafin ta yarda.

Sannan aka jawo abin zuwa tudu. Ƙafa ɗaya ta karye, langa-langar ta lanƙwashe. Ruwan sama ya wanke lakar da ke gabansa, shuɗin rubutu ya fito: KOKON MAMAN ADISA.

Guɗar ta mutu. Wata ta rufe baki da mayafi. Duk wanda ke wurin ya ji hukuncin da ta yanke ɗazu.

Saje ya sauko daga gada yana ɗingishi. Ya sa ƙafarsa mai lafiya ya kife teburin, rubutun ya koma ƙasa.

"Katako ne," ya ce. "Ba mai shi. Fuseini, ka ga wani rubutu?"

"Ni? Idona ya mutu tuntuni. Ban ga komai ba kuraa, ko kaɗan."

Mulikatu ta matso, jini na bin ƙwaurinta. Ta sunkuya ta kama gefen teburin, ta juyo da shi, rubutun ya kalli sama.

"Nawa ne," ta ce. "A kan gwata nake barinsa. Sati guda, daga gobe bayan sallar asuba."

"Magajiya, ai ke kika shiga..."

"Baba Saje, kai ka ce doka ɗaya ce."

Saje ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ta wanke hannu da fuska a ruwan da ke zubowa daga indararon wani shago, ta wanke sosai, sannan ta karɓi 'yarta. Adisa ta yi shiru, ta damƙe ɗaya daga cikin lambobin yabon, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Gaban kakin Saje ya jiƙe da abin da ba ruwan sama ba. Ya duba, ya ce a Kongo ma ba a yi masa haka ba.

Ta goya yarinyar, ta ja majanyi ta ƙulle. Fuseini ya tsaya yana kallon yadda hannunta ke yi. Can ya juya ya ce wa mutanensa su ɗauki teburin, akwai guntun katako a gidansa da zai yi ƙafa. Sojoji biyu suka riga su kamawa. Aka fara musun wa zai riƙe gaba.

"Ku kai shi ƙofar ɗakina," in ji Mulikatu. "Ciki zai riƙa kwana."

Ta bi bayansu cikin ruwan. Da ta kai ƙarshen gada sai ta tsaya, ta juyo wajen matan.

"Wa zai ara mini tsintsiya? Tawa ruwa ya tafi da ita."